Hoton Sallau a Takardar Ƙuri'a

In dai cika baki ake nema a Unguwar Kanya, to a wuce shagon Sallau mai taki. A faɗarsa, ko jaririn da aka haifa jiya ya san fuskarsa. Da zaɓen shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa ya matso sai ya tsaya takara, har ya ɗinka babbar rigar rantsuwa tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Mu kuwa mutanen Kanya, a faɗi gaskiya, boko bai wahalar da mu ba. Hoto muke dubawa mu dangwala. Shi ya sa kwamitin zaɓe ya raba wa 'yan takara alama. Abokin karawarsa, Hashimu mahauci, ya sami rago. Sallau ya sami bokiti.

"Bokiti!" Sallau ya daka tsalle a gaban kwamiti. "Ga Babbar Sallah a bakin ƙofa, ku ba shi rago, ni ku ba ni bokiti? Wane mahaukaci ne zai ga rago ya dangwala wa bokiti? Wannan ai zalunci ne!"

Kuma Allah ya sani yana da gaskiya. Mun san halin yatsunmu, ragon za su bi.

Malam Isiyaku, shugaban kwamitin, ya ce, "To Alhaji, yaya kake so a yi?"

"A kwashe dabbobi da tarkace, a sa fuskar kowa. Jama'a su ga wanda suke zaɓa. Ni wannan fuskar tawa ita kaɗai ta ishe ni kamfe."

Aka amince. Hashimu ya miƙa hoton da aka ɗauke shi a bakin tukubarsa, gumi sharkaf, tumbi a gaba. Sallau kuwa ya nufi wajen Ɗan'asabe mai hoto, aka ɗauka ƙyas, aka ɗora a kwamfuta. Ya leƙa, ya ɓata rai.

"Kai, rage tumbin nan."

Aka rage.

"Cike giɓin haƙorin. Goge furfurar. Ɗan haska ni kaɗan. Ƙara. Ƙara dai."

"Alhaji, zanen kumatun fa?"

"Share shi, na ƙauye ne."

Aka share fes. Sallau ya dubi wani santalelen saurayi a jikin gilashi, daɗi ya kashe shi. Ya ce, "Yauwa! Yanzu ka fito da ni."

Ranar zaɓe ya shiga layi yana ɗaga wa mutane hannu. Da aka miƙa masa takarda, shi kansa sai da ya ɗan yi jim kafin ya gane wanne ne hotonsa. Ya dake ya dangwala wa kansa. Can ya hango tsofaffi suna juya takarda sama da ƙasa, wani har da leƙa bayanta.

Da la'asar aka zazzage akwati. Hashimu. Hashimu. Hashimu. Maƙogwaron mai ƙirga har ya bushe da kiran sunan mutum ɗaya. Ɗan abin da Sallau ya samu ma, ƙuri'un 'yan matan da suka dangwala wa kyakkyawan baƙon ne suka rufa masa asiri.

Ya koma gida, kunya kamar ya nutse. Ya tarar da matarsa Delu tana tankaɗe, tawada a babban yatsanta.

"Delu, unguwar nan ta ci amanata. Ke kaɗai kika rage mini."

Ta ajiye rariya. "Af, Malam, wai kana cikin takardar? Wallahi na duba sama na duba ƙasa ban gan ka ba. Na ce ko janyewa ka yi ba ka faɗa mini ba."

"To wa kika dangwala wa?"

"Mai tumbin nan mana. Shi na ga ya fi kama da kai."