Bulon Kumfa a Ɗakin Ƙanƙarar Kaka

"Ina gajiya, tsohuwa? Ashe har yanzu kina nan, ba ki ba mu wuri ba?"

"Sai na ga bayanka, mijin banza. Me ka jibgo min a kura?"

Kaka na zaune a ƙofar ɗakin da take ajiye ƙanƙarar sayarwa, ruwa na silalowa daga ciki yana jiƙa mata silifas. Da zarar an ɗauke wuta, bango ya sha rana, kafin la'asar rabin kayanta ya koma ruwa. Masu kifi, manyan abokan cinikinta, sun ce in aka sake za su canza wuri. Shi ya sa ta kira jikanta magini ya yi wa ɗakin dabara.

Ya miƙo mata bulo ɗaya. Ta tattaro ƙarfinta ta tara hannu biyu, sai ga abu ya tashi kamar filo, saura kaɗan ta wuntsila ta baya.

"Kai! Na ce bulo, ka kawo min soson wanka?"

"Siminti ne, da kumfa aka kwaɓa shi. Cikinsa duk ƙananan ramuka ne cike da iska, iskar ce ke tare zafi."

"Wato iska ka sayo min. Dama kai ma ita ce cike da kanka."

"Gado na yi, an ce ta wajenki ne."

"Ɗan nema! Wannan ai ɓarawo ba sai ya fasa ba, ɗaukar ɗakin zai yi a ka, har da ni a ciki."

"Ya kai ki ina? Kafin ya sha kwana kin ishe shi da surutu ya dawo da ke, har da ban haƙuri. Kuma tsohon bangon na nan, ta ciki zan jera wannan in shafe."

"Tsohon bangon da kakanka ya gina, namijin gaske. Bulo ɗaya sai ƙarti biyu."

"Tanda ya gina miki. Shi ma so ya yi ya gasa ki ya huta."

Ta rarumo muciya, ya goce. Ya janyo murhun gawayinta da ke ci jajir, ya tsayar da bulon a jikin murhun, ya ci gaba da sauke kaya. Sai da gefen ya yi baƙi ya ce, "Taɓa bayan."

"In na ƙone, auren nan ya mutu."

"Da na yi sadaka."

Kaka ta kai yatsa ɗaya tana runtse ido. Babu zafi. Ta ɗora tafin hannu duka, ta leƙa ta ga wutar ba ta mutu ba, ta sake ɗorawa. Damuwar masu kifi ta ɗan ragu, amma ta ƙi bari fuskarta ta nuna.

"Gawayin ne ba shi da kyau."

"To taɓa gawayin."

Dariya ta ƙwace mata. Ta shiga ɗakin ta fito da hannu a baya, tana wani rangwaɗa.

"Zo nan, angona, ka yi abin kai. Juya in sa maka albarka."

Yana juyawa ta zura masa ƙatuwar ƙanƙara ta wuyan riga. Ya daka tsalle yana ihu, yana zazzage riga a tsakar gida.

"Tukuicinka ke nan," in ji ta, tana share hawayen dariya. "Kwaɓa siminti, kafin in fasa."