A Kawo Mini Tsakuwata

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka tsaga mini ciki ba. Damina biyu ke nan bayan rasuwar maigidana, shekarar da aka kafa injin niƙa a unguwarmu a Gwangwan.

Ciwo ya murɗe ni ta gefen dama har na kasa ruku'u. Autana ya kai ni asibiti a Karaye. Likita ya danna, na yi ƙara, ya ce afendis ne. Na tambayi matar gadon kusa da nawa, ta ce ai shi ne ciwon tsakuwa, wai ta abinci ce ke taruwa a hanji.

Tsakuwa a cikina? Ni da ake aikowa har gida in je in rege shinkafar biki (ba yabon kai ba, Malam bai taɓa tauna tsakuwa a tuwona ba). Nan take na san mai laifi: Hajara matar Auta, wadda ta karɓi girki tun da gwiwa ta kayar da ni.

Washegarin aiki 'yan dubiya suka cika ɗaki, na zauna na feɗe musu yadda yaran yanzu ba su iya rege hatsi ba. Hajara na gefe tana fifita mini kunu, ba ta ɗago ba. Likita na shigowa na ce a kawo mini tsakuwata, in gani ta gero ce ko ta shinkafa.

Aka kawo 'yar kwalba. Guntun hanji ne a ciki, bai kai ƙaramin yatsana ba.

Likita ya ce, "Iya, babu tsakuwa. Da wannan aka haife ki, kumbura ya yi. Ki gode wa wadda ta dage a kawo ki, da ya ƙara kwana da ya fashe."

Ashe Hajara ce ta dage. Ni jiƙon sabara nake ta cewa a ba ni.

Na ja mayafi na rufe fuska, wai allura ba ta sake ni ba. Ita kuwa cewa ta yi, "Inna, tashi ki sha, ya huce." Sai da na kwana uku kafin bakina ya iya cewa ta yafe mini. Tun daga nan, kafin in nuna ɓarawo sai na tabbatar an yi satar.

'Yan dubiyar nan yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni, da Auta, da Hajara, Allah ya yi mata albarka. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ce nake ta yawo da ita.