Takunkumin da Na Ƙaƙaba wa Rugar Baffa Jibo

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da daminar da na dawo Birnin Gwari da digirina na hulɗar ƙasa da ƙasa ba. A lokacin ji nake duniya a tafin hannuna take. Kullum da hantsi ina teburin mai shayi ina raba wa ƙasashe laifi. Da an taɓo Najeriya sai in gyara zama: mu muka kai sojoji Laberiya da Saliyo, mu ne uwa ma ba da mama a Afirka, saboda haka duk maƙwabcin da ya raina mu a rufe masa iyaka ya ji a jikinsa. Ranar da aka rufe iyakar Nijar har tafi na yi. (Ko Jibiya ban taɓa zuwa ba, amma wannan bai taɓa hana ni magana ba.) Abokai suka laƙaba mini Ambasada, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Ana nan sai Baba ya tafi Kaduna ganin likita, ya bar mini gonarmu ta wajen Gayam. Kwana uku da tafiyarsa aka zo aka ce shanu sun fasa shinge sun cinye gefe guda na masara. Daga rugar Baffa Jibo suka fito, wani dattijon makiyayi da ke zaune kusa da gonar, aminin Baba tun kafin a haife ni. Duk kaka shanunsa ke cin karan gonarmu su bar mana taki, kuma daga rugarsa nono ke zuwa gidanmu.

Mai hankali zuwa zai yi ya gaishe shi, su duba ɓarnar tare. Ni kuwa sai na ga ranar amfanin karatu ta zo. Na zauna na rubuta takarda shafi biyu, na kira abin da ya faru keta iyaka. Na haramta wa shanunsa gonarmu har da kaka, na hana karɓar nono a gidanmu, na kuma ba shi wa'adin kwana bakwai ya fitar da shanun da suka yi ɓarna daga yankin baki ɗaya.

Inna ta ce, "Kai, ka bari ubanka ya dawo mana."

Na ce, "Inna, ƙasar da ba ta nuna ƙarfi ba a ganin girmanta."

Ta ce, "Allah Ya shirya," ta ci gaba da tankaɗenta. (Kwana huɗu muna shan fura ba nono. Ya dame ni ƙwarai, amma ban nuna ba.)

A yankinmu, inda kowa ya san abin da daji ya zama, ba a wasa da ƙaramar rigima tsakanin manomi da makiyayi. Mai unguwa na jin labari ya kira zama a ƙofar gidansa. Jama'a suka cika. Na sa babbar rigar da na karɓi digiri da ita, na miƙe na yi jawabi mai tsawo. Har Majalisar Ɗinkin Duniya sai da na ambata sau biyu, saboda masara.

Baffa Jibo na zaune a kan buzu, sandarsa a bisa gwiwa, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarna an yi, sakacinmu ne, ban musa ba. Amma ina da tambaya ga ɗan Alhaji. Shanu biyar suka shiga. Uku na mahaifinsa ne, ya ba ni kiwo. Ɗaya tawa ce. Ta biyar ɗin, wadda ta fasa shingen da ƙahonta, jikar maraƙar da kakarsa ta ba shi ranar sunansa ce. Tasa ce. To gida zan kawo masa ita, ko shi zai zo ya kore ta da kansa?"

Can daga baya wani ya ce, "Ambasada, kai za a kama ko saniyar?" Sai dariya ta ɓarke. Mai unguwa da kansa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma ba dariyar ce ta fi yi mini ciwo ba. Baffa bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Shekara ashirin da shida ina kiwon dabbarka, ban taɓa ganin ƙafarka a ruga ba. Yau na ga takardarka." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Goro kawai ya miƙo mini, ya ce, "Da ƙafa za ka je." Na taka har ruga, na durƙusa na ba da haƙuri. Baffa ya ce ba komai, ya sa aka dama mini fura, sannan ya kai ni garke ya nuna mini mai laifin, wata fara mai faɗin ƙaho. Na miƙa hannu zan shafa ta, ta yi huci ta kawo mini tunkuyi, na ja da baya har na taka kashin shanu.

Baffa ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, ba ta san ka ba."

Abin da shekara huɗu a jami'a ba su koya mini ba ke nan. Kafin ka ɗaga wa maƙwabci yatsa, fara zuwa ka gaishe shi, ka ga abin da yake riƙe maka.