Katafila a Ƙofar Ɓera

A gyara zama, a ba manya hanya. Ga Yallaɓai Winford Kabaso nan tafe, Katafila mai ture mutum da ƙwallonsa, dodon masu tsaron gida, wanda raga ke rawar ɗari da jin sunansa. In ba ka taɓa jin labarinsa ba to laifinka ne, don shi dai bai gaza ba. Shekara da shekaru yana rabon labarin nan kyauta a Lusaka, ga wanda ya tambaya da wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi.

Allah ya yi masa arziki da manyan motocin dakon masara, ya kuma yi masa tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Amma shi duk wannan ba ya gabansa. Abin da yake so a sani shi ne ya taɓa buga wa Guduma, ƙungiyarmu ta masu haƙar tagulla a nan Luanshya, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba mu kofi. Ita ƙwallon nan kuwa mai albarka ce, kullum girma take. Da farko daga bakin raga ya ci ta. Da ya sayi mota ta biyu ta koma tsakiyar fili. Bara, a wani bikin aure, daga gidansu ya narko ta, da karyayyiyar ƙafa, ana ruwan sama. Mutanen Lusaka suka tafa. Inda ba ƙasa ai nan ake gardamar kokawa.

Akwai ma shaida a bangon ofishinsa, wani tsohon hoton 'yan wasan Guduma. Ga shi can a gefe, siriri kamar sillen kara, ya ɗan karkace kamar mai riƙe da abu mai nauyi. Daidai wurin hannun nasa hoton ya yanke. Ya ce gara ce ta ci. Gara mai hankali, wadda ta san inda za ta ci ta tsaya.

To sai Guduma ta cika shekara hamsin. Aka shirya wasan tsofaffi, namu da na ƙungiyar Jirgin Ƙasa ta Ndola, mutanen da rabonmu da mu doke su tun ana sauraron ƙwallo a rediyo mai batir. Aka kuma ce da an tashi wasa magoya baya za su ɗaga hannu su zaɓi sabon shugaban ƙungiya. Nan kunnen Yallaɓai ya miƙe. Ya san wanda ya riƙe Guduma ya riƙe garin, wanda ya riƙe garin kuwa majalisa na kiransa. Har ya sa tela ya auna shi kwat ɗin shiga majalisa.

Ya iso da kayan arziki. Riguna sababbi fil, kowace da fuskarsa a ƙirji, ta yadda duk ɗan wasan da ya tare ƙwallo da ƙirji sai ya tare ta da hancin Yallaɓai. Ya yanka sa, ya sa aka tuƙa nshima, tuwon masararmu, tudu guda, aka jere kwalabe. Tsofaffin 'yan wasa suka zo, masu ɗingishi da masu tari, mafi yawansu fanshon ma'adinai ya gama tsotse su. Suka ci, suka sha, suka saurara.

"'Yan'uwana," in ji shi, yana bubbuga tumbi, "ni ba mai son yabon kai ba ne, kowa ya shaida. Amma gaskiya ɗaya ce. Ciyawar filin nan ta san tafin ƙafata. Kowane lungu na filin nan, ko an ɗaure min ido zan kai ku. Jairos, ƙarya nake?"

Jairos Sikazwe, tsohon kyaftin kuma mai tsaron gida, wanda yatsunsa suka karkace saboda tare ƙwallo, ya dubi tsokar da ke hannunsa, ya dubi Yallaɓai, ya ce, "Ai Winford, babu Asabar ɗin da ba mu gan ka a filin nan ba."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma ajiye naman ba. In baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Kafin a wanke hannu Yallaɓai ya karɓi lamba tara da ƙyallen kyaftin, ya kuma yi wa uwargidansa Madam Precious alkawarin ƙwallo biyu, ɗaya tata ɗaya ta mahaifiyarta.

Yanzu fa, ko jaririn Luanshya ya san abu ɗaya. Ɗan wasan Guduma ba ya shiga fili ta babbar ƙofa. Nan abokan gaba ke binne asirinsu, duk wanda ya tsallaka ya kwasa a ƙafa, in ya taka ciyawa ya shafa wa kowa. Saboda haka tun zamanin kakanni 'yan wasanmu ta wani rami suke shiga, a jikin katangar bayan raga, wanda muke kira Ƙofar Ɓera. Fasto ya yi wa'azi a kai ya gaji. Shi ma da ya buga mana lamba biyu a ƙuruciyarsa, ta nan ya riƙa rarrafowa. Babbar ƙofa ta 'yan kallo ce da masu talla da masu ɗauko wa 'yan wasa kaya.

Ranar Asabar fili ya cika ya batse. Tsofaffin Guduma suka zagaya baya, suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyi na ƙara, suka shige ta raminsu suna kakkaɓe ƙasa. Aka duba babu kyaftin. Babban mutum ai ba ya zuwa da wuri.

Can sai ga jiniya. Motoci uku, masu busa ƙaho, 'yan jarida biyu da ya ɗauko daga Lusaka da kuɗin motarsu. Yallaɓai ya sauko cikin lamba tara, rigar ta kama shi kamar fatar tsiran alade, takalma ja wur, ƙyallen kyaftin an ƙara masa igiya don ya zagaye dantse. Ya ɗaga hannu biyu. Sannan ƙafafunsa, waɗanda ba su iya ƙarya ba, suka ɗauke shi suka bi hanyar da suka saba bi tun yana saurayi. Ya ratsa babbar ƙofa, tsakiyarta, yana murmushi.

Ganguna suka mutu. Mai busa ƙaho ya tsaya da kumatu a kumbure. Yallaɓai ya ɗauka girmamawa ce, ya ƙara faɗaɗa murmushi, ya nufi ciyawa.

"Kai! Tsaya nan! Kar ka kuskura!"

Maman Bwalya ce, shugabar magoya baya, wadda ke suyar fanke a gindin katangar nan tun kafin a yi mata fenti. Ta tare gabansa da matsamin suya a hannu.

"Ɗan nan, kashe mu ka zo yi? Ta ƙofa ka shigo, kuma ka doshi ciyawa?"

"Mama, ai ni ne. Kabaso. Katafila."

Ta matso, ta ƙanƙance ido, ta leƙa fuskar da ke sama, ta leƙa wadda ke ƙirji. Sai ta tafa hannu.

"Laa! Jama'a, Winford Mai Lemo ne! Yo shi ya sa! Ai shi dama ta ƙofa yake shiga, bokitin ba ya wucewa ta rami. Ɗan nan, ka yi ƙiba! Ina bokitin?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Murna take ta ga yaron da ke yanka wa 'yan wasa lemo a hutun rabin lokaci. Dariya ta faro daga rumfar tsofaffi, ta bi layi tana zagaya fili. 'Yan jarida suka gyara riƙon alƙalami. Madam Precious, da ke zaune a kujerar manyan baƙi da hula mai gashin tsuntsu, ta juya ta tambayi na kusa da ita wane ne kuma Mai Lemo.

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma Katafila ba ya ja da baya, sai dai in giya ce ta ƙwace.

"Gwada ku nake!" ya daka tsawa. "So nake in ga ko kun riƙe al'ada. Madalla, kun ci jarrabawa. Ramin nan da kuke gani, ni na fara faɗaɗa shi da hannuna. Ku biyo ni ku ga yadda ake shiga."

Tsofaffi suka yi shawara, suka ce akwai magani. Ya fita da baya-baya ta inda ya shigo, a wanke takalmansa da ruwan gishiri, sannan ya shigo ta Ƙofar Ɓera kamar kowane ɗan wasa. In ya yi haka ya buga. In bai yi ba, ya nemi benci.

Ya fita da baya-baya, masu busa ƙaho na binsa su ma da baya-baya don ba su san abin yi ba. A bayan katanga ya wuce ramin har sau biyu, mutumin da zai kai mu ko an ɗaure masa ido, sai da wata mai sayar da gyaɗa ta nuna masa da baki. Ya durƙusa. Kai ya shiga lafiya. Kafaɗu suka shiga da 'yar gardama. Da aka zo kan tumbi, katanga ta ce ba ta san zancen ba.

Ya yunƙura gaba, shiru. Ya yunƙura baya, shiru. Rabin Yallaɓai na cikin fili yana kallon bayan raga, rabinsa na waje yana kallon tashar mota da jajayen takalma. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, amma shi sai da ya gwada.

"Kada kowa ya tada hankalinsa," ya ce daga ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Dabara ce. Daga nan na fi ganin tsarin wasa. A ɗan jira ni."

Alƙalin wasa mutumin Kitwe ne, yana da motar da zai kama. Ya busa.

Direban Yallaɓai da masu ƙaho suka kama ƙafafu suna ja. Ana cikin haka fili ya ɗauki ihu. Wani tsohonmu mai furfura, wanda ko gudu bai yi ba, ƙwallo ta buge shi a gwiwa ta gangara ragar Ndola. Guduma ɗaya, Jirgin Ƙasa babu.

Maman Bwalya ta daskare. Ta dubi ragar, ta dubi ramin, ta dubi abin da ya toshe ramin. Sai ta kwasa da gudu, zani a hannu, ta zagaya bayan katanga.

"Ku sake shi! Na rantse duk wanda ya ƙara jan ƙafar nan sai na ƙona shi da mai! Ba ku gani ba? Shekara nawa sa'armu na zurarewa ta ramin nan, yau aka toshe!"

Magana ta zagaya fili kafin a mayar da ƙwallo tsakiya, kuma babu wanda ya ga abin musu a ciki. Aka sa ƙarti biyu gadin ƙafafun. Direba ya koma mota ya kunna rediyo.

"Mama," in ji Yallaɓai, murya ta sirance, "Mama, don Allah. Numfashi nake nema."

"Yi haƙuri ɗan nan, ka yi wa garinku. Saura kaɗan."

Da aka tafi hutu 'yan wasa suka zo inuwar katanga kamar yadda aka saba, aka dire bokitin lemo daidai gaban hancinsa. Jairos ya tsuguna, ya zare ƙyallen kyaftin daga dantsen Yallaɓai a hankali, ya ɗaura a nasa. Ya ɗauki ɓarin lemo ya tsotsa, ya yatsine fuska.

"Yaran yanzu ba su iya yanka ba, Winford. Kai kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ka bari. Wannan kam ba mai ƙwace maka."

Sai ga takalma masu tsini sun tsaya a gefen bokitin. Yallaɓai bai iya ɗaga kai ya ga fuskar ba, amma ya san takalman, shi ya saya.

"Baban Mutale," in ji Madam Precious, da sunan da take kiransa a gida, "ƙafar da ta karye, wacce ce a ciki? In leƙa waje in duba ta."

Yallaɓai ya kafa wa bokitin lemo ido.

Biyu da babu aka tashi. Garin ya haukace. Maman Bwalya da kanta ta kawo man suyarta da ya huce, aka shafe Yallaɓai ciki da waje, aka ja, ya fito da ƙara kamar an cire murfin kwalba. Nan take matasa suka ɗaga shi sama, mutum takwas suna nishi, ana waƙa da sunansa. Yana sheƙi, yana ƙanshin fanke, ya dubi taron, sai zuciya ta dawo. Ashe dai an san manya! Ya fara ɗaga hannu yana haɗa jawabin karɓar mulki a ransa.

Aka zo zaɓe. Shugabanci aka ba Jairos, hannuwa kamar daji. Amma Luanshya ba ta da butulci. Maman Bwalya ta kawo shawara ta biyu, kuma ita ko mutum ɗaya bai ƙi ba, har da Fasto. Aka naɗa Yallaɓai Winford Kabaso matoshin Ƙofar Ɓera na dindindin, duk Asabar ɗin da Guduma ke wasa a gida. Aka roƙe shi alfarma ɗaya tak, don girman Allah kada ya rame.