Gaisuwar da Ta Tayar da Baffa Sale

Ba zan taɓa mantawa da makona na uku a sashen da ake ƙona cutar daji da haske ba. Ina digiri na biyu a fiziks na asibiti, an turo mu koyon aiki da hannu. Aikinmu mu tabbatar hasken ya sauka inda ciwon yake, kada ya kauce ko da faɗin ƙwayar dawa.

Ran nan na shiga ɗakin na'ura riƙe da takardun awo. Na tarar Daktora, mai kula da horonmu, ta kusa rabin awa tana daidaita wani dattijo a kan gadon ƙarfe, har jan layin haske ya hau ɗigon tawadar da ke ƙugunsa. Ciwon a ƙashin baya yake, kwanciyar kanta azaba ce. Ina leƙa fuskarsa sai na ga Baffa Sale, mai gona kusa da tamu a garinmu, Wad Haddad.

Ilimina duk ya gudu. Kafin in ankara na tuɓe takalmi (a ɗakin na'ura fa!) na durƙusa, na ce, "Baffa, ina kwana?"

Dattijon kirki kuwa ba ya amsa gaisuwa a kwance. Ya yunƙura ya zauna daram, ya kamo hannuna.

"Kai na, ɗan Hauwa? Mashallah! Kwayyis, kana lafiya? Mi kake yi nan?"

Daktora ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni, ta dubi takalmina, ta ce, "Tamam, shi ke nan. Kai za ka mayar da shi yadda yake."

Minti arba'in na yi ina sake daidaita shi. Duk juyin da na yi masa sai ya cije leɓe, gumi na bin gemunsa. Kunya ta kama ni, tausayi ya fi ta.

Da na je gida hutu, na iske labari ya riga ni. Baffa ya gaya wa kowa wai ɗan Hauwa ya zama babba a mustashfa, wato asibiti, yana shigowa aka rushe aikin kowa aka ba shi ya sake da kansa. Zafin da ya sha bai faɗa wa kowa ba.

Ban ƙaryata shi ba (ku yafe ni). Amma tun daga ranar, duk mutumin garinmu da ya zo, a bakin ƙofa nake tare shi mu gaisa har mu tambayi awaki. In ya hau gadon nan, ban san shi ba sai ya sauko.