Ranar Da Na Yi Wa Nikotin Alƙalanci A Gidan Biki

Ko tsufa ya zo ya share min komai a ka, na tabbata zai bar min ranar walimar auren ƙanin matata, don ya riƙa samun abin yi min dariya. Ba na mantawa da ita. Ko na so ma in manta, mutanen Sharafiyya, unguwarmu a Jidda, ba za su bari ba.

Na daɗe ina shan sigari. Da Allah Ya ba mu 'yarmu Jumana, sai matata Nawal ta ce in zaɓa, ko sigari ko ɗaukar jaririya. Na koma wa feb, na'urar nan ta lantarki da ake ɗura wa ruwa mai ƙamshi tana fitar da tururi. Mai hankali zai je shago ya sayi ruwansa a haɗe, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni kuwa Allah Ya jarrabe ni da wata cuta: ba na iya taɓa abu ban zama malaminsa ba. (Na taɓa kiwon kifin ado na ɗan lokaci, har yau ina gyara wa masu sayar da shi magana. Kifayen dai duk sun mutu.)

Na kalli bidiyo har idona ya yi ja, daga nan na yanke wa kaina cewa ruwan shago na jahilai ne, ni da hannuna zan riƙa haɗawa. Ta hannun wani da ya san wani na samo nikotin tsantsa, irin mai ƙarfin nan da ake ɗiga kaɗan a cikin gilisarin da ƙamshi. Guba ne na gaske, ko a fata ya zuba sai an yi gaggawar wankewa, kuma na san haka sarai, don ni nake faɗa wa kowa. Na kuma haddace cewa haske da zafi da iska ne ke lalata shi. To a Jidda, inda zafi ke narkar da takalmi a bakin masallaci, ina za a ɓoye shi in ba a firiza ba? Na rarraba shi a ƙananan kwalabe masu duhu, na cika kowace har wuya don kada iska ta samu wurin zama, na toshe, na jera su a firizar gidanmu tsakanin kaji da daskararriyar kuɓewa da askirim ɗin Jumana.

Nawal ta ce, "Abu Jumana, wannan abin da kake sa safar hannu kafin ka taɓa, shi ne kusa da abincin yarinya?"

Na ce, "Ke ba ki gane ba ne. Murfin nan ko babba sai ya yi da gaske yake buɗewa."

Ta sake magana bayan kwana biyu, na yi mata lacca a kan yadda iska ke canza wa nikotin launi. Ta sake, na ƙara mata da zane a bayan kwali. Daga nan ta daina. Ni kuma na ce a raina, alhamdu lillahi, ilimi ya shiga.

A majalisarmu ta shayi aka sa min suna Duktur. Da zolaya aka fara, ni kuma na karɓa da hannu biyu har zolayar ta gaji ta bar min sunan. Kowa ya sayo ruwan feb sai ya miƙo min, in ɗaga shi sama in duba, in shinshina, in girgiza kai kamar an kawo min gawa. Abokina Faisal, wanda muka taso layi ɗaya, ya ce yana son barin sigari, na ce ya bar komai a hannuna, ni zan riƙa haɗa masa.

A tsakanin nan na yi wasu kwanaki na baƙin rai da ciwon kai, ina faɗa da kowa har da mai gadin bene. Na ɗora laifin a kan sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, da kafilina, ubangidan da ya tsaya min, da ya ƙi ɗaga waya. Da abin ya wuce, sai na lura haɗina ya yi wani irin laushi. Ba ya kartar maƙogwaro, ba ya sa tari, yana sauka kamar iskar bakin teku. Na shiga majalisa da bushara: sanyin firiza ya nunar da nikotin ɗina, ya kai matakin da masu shago ba su ma san da shi ba. (Babu inda na karanta cewa nikotin yana nuna. Ni na ƙirƙiro, kuma a rana ta biyu na fara cewa "masana sun tabbatar".)

Faisal kuwa bai jima ba ya koma wa sigari. Ya ce haɗin nawa ba ya riƙe shi. Na ce masa haɗi lafiya lau yake, zuciyarsa ce ba ta da ƙashi.

Sai ga bikin. An yi walimar bayan sallar Juma'a a wata istiraha, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari, maza a gefe guda mata a ɗaya gefen. Kafin ranar, wani Nuhu, sabon zuwa daga Kano da ke zama a majalisarmu, ya roƙe ni in duba masa nikotin da ya samo, don yana tsoron an cuce shi. Na ce ya kawo wurin biki. Me ya sa wurin biki? Saboda a majalisa mutum shida ne bakwai za su gani, a biki kuwa akwai jama'a. Gaskiyar ke nan.

Kowa ya shigo da farin tobi, doguwar rigar nan ta Larabawa, da turare. Ni na shigo da farin tobi da turare da kula cike da ƙanƙara.

Kafin a kawo abinci, masu hayaƙi suka taru a wata rumfa ta bayan gida, wasu dattawa ma suka biyo inuwa da kofunan gahawarsu. Cikinsu akwai Yaya Bakur, babban wan Nawal, mutum mai jiki da ƙarancin magana, wanda tun ranar da na je neman aure ban daina jin tsoronsa ba. Akwai kuma Ammu (wato baffa) Sale, surukin Faisal, wanda yake tsammanin mijin 'yarsa ya daina sigari tuntuni.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Na sa safar hannu. Na ciro kwalbata daga ƙanƙara kamar mai ciro jariri daga wanka, na ajiye ta Nuhu a gefenta.

"Bismillah. Abu na farko, launi," na ce. Na ɗiga na Nuhu a ƙaramin kofi, ya ɗan yi ruwan ɗorawa kaɗan. Na ɗiga nawa, fari tas kamar hawaye. "Kun gani? Wannan ya sha wahala a hanya. Wannan kuwa ɗan gata ne."

Aka ce, "Masha Allah."

"Na biyu, wari." Na kaɗa hannu a kan na Nuhu, wani ɗan wari mai kama da barkono ya bugi hancina. Na yamutsa fuska. Na kaɗa a kan nawa. Babu komai, ko ɗis. "Nikotin na ƙwarai ba ya surutu," na ce, na ɗan dakata don maganar ta zauna. (Na kwana biyu ina shirya wannan jimlar a gaban madubi.)

Yaya Bakur ya ajiye kofinsa. "Abu Jumana, halas. Rufe kular nan, an kusa kawo abinci."

"Saura ɗaya, Yaya. Na uku shi ne maƙogwaro."

Nuhu ya riga ya yi ɗan haɗi da nasa a cikin na'urarsa, ya miƙo min. Na karɓa da yatsa biyu, na ja irin jan ƙwararru, dogo har ƙasan huhu.

Wallahi na ɗauka an buga min taɓarya a ƙirji. Tari ya sarƙe ni, hawaye suka zubo, rumfar ta fara juyawa, na ga Ammu Sale ya zama biyu. Na dafa tebur, ƙyallen ya zame, wani ya cafke kwalaben kafin su faɗi. Aka zaunar da ni, aka ba ni ruwa, wani yana yi min fifita da kwalin tishu.

Mai kunya da nan ya tsaya. Ni da numfashina ya dawo, sai na ɗaga yatsa.

"Kun ga shaida da idonku," na ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Ni da na shekara ina shan mai ƙarfi, ga abin da ya yi min. Nuhu, wannan ya lalace. Ka zubar."

Fuskar Nuhu ta faɗi. Na zagaya da tawa na'urar don a ji bambanci. Wani ya ja ya ce, "Ai wannan kamar tururin tukunyar shinkafa ne." Na ce wannan shi ake kira laushi, sai wanda ya yi nisa yake gane shi.

"Ya akhi, halas, ya isa," Yaya Bakur ya sake cewa, wannan karon yana kallona cikin ido.

Da na karanta idon nan da na tsira. Amma jama'a na saurare, kuma ban taɓa samun masu sauraro haka ba.

"Yaya, ka yi haƙuri, wannan fanni ne, ba kowa ya san shi ba. Abu mai kyau ma sai ya samu mai azama. Ga Faisal nan, wannan haɗin na ba shi da hannuna, amma ya kasa, ya koma wa sigarinsa. Laifin haɗi ne ko na zuciya?"

Ammu Sale ya juya a hankali ya dubi Faisal. Faisal ya dubi ƙasa, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

Yaya Bakur ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, shi ne ma abin da ya fi ciwo.

"Na yi alƙawarin ba zan faɗa ba, amma tunda ka kai ga mutuncin wani, bari in faɗa. Abu Jumana, babu nikotin a kwalbar nan. Gilisarin ne zalla, na kantin magani."

Na yi dariya. Ni kaɗai.

"Tun kafin azumi," ya ci gaba, "Nawal ta shiga kicin ta samu Jumana a kan kujera, firiza a buɗe, kwalbarka a hannunta tana gwada murfin da haƙori. Ta kira ni tana kuka. Ni na zo na kwashe abin, na kai inda ake karɓar irinsa. Ita ta wanke kwalaben ta cika maka da gilisarin, don ta ce in ta gaya maka, lacca za ka yi mata, ka sake sayo wani."

Ban san wanne ya fara shiga jikina ba, hoton 'yata da kwalbar a baki ko idanun mutanen da ke kaina. Ina tsaye da safar hannu shuɗiya, ina kare kaina daga abin da mata ke shafawa a kaushi.

Faisal ne ya fara magana. "Wato ashe ruwan banza ka yi ta ba ni? Ina zuwa ina ce maka jikina na rawa, kana ce min ba ni da ƙashi?"

Nuhu ya janye kwalbarsa a hankali ya rungume. "To Duktur, nawa ke nan lafiyarsa ƙalau?"

Wani daga baya ya ce, "Ai ka ga aikinsa, ya kusa kai Duktur asibiti."

Nan dariya ta fashe, irin wadda dattawa ke tari a cikinta suna neman ruwa. Ammu Sale ya dafa kafaɗar Faisal ya ce, "La ba's, ba komai, ɗana, wanda aka yi wa magani da tururin shinkafa ba a kama shi da laifi." Aka kawo farantan shinkafa da nama, na zauna a gefe ina tura loma ba na jin ɗanɗano. Duk wanda ya wuce sai ya miƙo min wani abu, ruwa ko lemo ko miyar tumatir, ya ce, "Duktur, duba mana ingancin wannan."

A mota muna komawa, Jumana na barci a baya, na daure na ce, "Kin kunyata ni a gaban mutane."

Nawal ba ta ko juyo ba. "Ni ina ɓangaren mata ina cin kek. Bakinka ne ya je rumfa."

"Da kin faɗa min."

"Sau nawa na faɗa? Ka yi min zane a bayan kwali."

Na duba madubi na ga yarinyar da babban yatsanta a baki. Can na ce, "Ki yafe min." Ta ce, "Faisal za ka fara ba haƙuri, ni na riga na rama." Washegari na je har gidansa. Ya bar ni a tsaye a ƙofa na ɗan lokaci, daidai yadda na cancanta, sannan ya ce in shigo.

Wani abin takaicin kuma, a yammacin da na san gaskiya sai jikina ya fara neman nikotin, shi da ya yi watanni bai tambaya ba. Na je har ƙofar shagon da ake sayarwa na tsaya. Sai na hango yadda labarin zai zagaya Sharafiyya: mutumin da matarsa ta raba shi da nikotin bai sani ba, ya koma da ƙafarsa don ya huce haushi. Na juya, na sayi burodin tamis mai zafi a maƙwabcin shagon na tafi gida.

Abin da na koya shi ne, in kana bayani ka ga matarka ta daina musu, kada ka ɗauka ka ci nasara, ta dai koma aiki ne. In kuma babba ya ce maka halas har sau biyu, akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba.

Yanzu a wurin aiki ana nuna ni a matsayin misali. Matasa kan zo su ce, "Ammu, yaya ka yi ka rabu da nikotin gaba ɗaya? Mene ne sirrin?" Sai in gyara zama, in yi gyaran murya, in duba hagu da dama. In na tabbata babu ɗan Sharafiyya a kusa, sai in ce, "Azama ce kawai, ɗana."