Baƙin Allon Malam Ilu

A garin Marke, bayan tashar mota, nan gidan Malam Ilu tsohon hedimasta yake. Shi da matarsa Inna Dudu 'ya'ya biyu Allah ya ba su, duka maza. Babban, Nafi'u, ya yi karatun kwamfuta a Zariya, ya dawo ya buɗe shagon buga takardu a zauren gidan. Ƙaramin kuwa, Cindo, ga gemu ga ƙarfi, amma kansa a miƙe yake kamar taɓarya. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da ba haka kake nufi ba.

To, Nafi'u ɗan fari ne, Malam Ilu kuma mutumin da ne mai alkunya. Bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa kallon tsabar idonsa ba, sai dai ya ce "wancan na shago". Cindo kuwa ko buta ya miƙa masa sai ka ji, "Allah ya yi maka albarka." Nafi'u ya san al'ada ce, amma sanin bai hana abin cinsa a rai ba. Kishin ƙanin nan nasa yake yi, kishi na haƙiƙa, har shi kansa yana jin kunyar abin.

Ana nan sai aka yi wa Malam aikin yanar ido. Mutumin da kullum da hantsi yake zama a shago ya buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, ya sha labaran duniya, sai ga shi farin allon kwamfuta yana sa shi hawaye. Nafi'u ya ce a ransa faɗuwa ta zo daidai da zama. Zai tsara wa burauzar launi mai duhu na musamman, daidai idon tsohon, ya ga ko a wannan karon ma bakin zai yi shiru.

Wata rana ya fara aikin ke nan sai aka kira shi sakatariya gyaran wata na'ura. Ya zaunar da Cindo, ya nuna masa 'yan akwatunan zaɓen launi. "Ka ga waɗannan? Duk wanda ka buɗe, ka zaɓi baƙi. Aikinka ke nan kafin in dawo." Shi na bangon allo kawai yake nufi, wato bayan rubutu. Cindo ya ce to. Ya mayar da bango baƙi, rubutu baƙi, maɓallai baƙi, har ɗan wurin da ake latsawa a warware kuskure bai tsira ba. Malam ya shigo ya zauna, ya gyara tabarau, ya ga duhu ɗumɗum. Ya murza ido, ya sake dubawa. Sai ya yi salati a hankali, ya ce a kira Inna, aikin likita ya warware. Inna ta fito da ludayi a hannu tana kuka.

"Baba, rubutun yana nan fa," in ji Cindo. "Ban taɓa shi ba, yana ciki."

Da Malam ya gane, ya yi dariya har tabarau ya faɗi. "Kai, yaron nan. Rabon da idona ya huta haka tun kafin asibiti. Allah ya yi maka albarka." A daidai nan Nafi'u ya sawo kai. Yinin ranar cur yana lalube cikin duhu yana gyara ɓarnar, ba wanda ya ce masa ko sannu.

Wata rana kuma, bango ya yi daidai, baƙi mai ɗan toka-toka kamar gindin tukunya, saura launin rubutu. Nafi'u ba ya iya tsayawa gaban uban ya tambaye shi, sai ya aiki Cindo. "Je ka gano launin da Baba yake gani ba tare da ya ƙanƙance ido ba. Idan ka samu, ka kawo min." Cindo ya bi Malam tun daga ƙofar masallaci har kasuwa. Ya ɗaga tumatur, "Baba, wannan fa?" Ya ɗaga ƙwai, ya ɗaga goro, ya cire hular wani baƙo ya nuna, sai da aka yi ta ba mutumin haƙuri. Da la'asar Nafi'u na zaune sai ya ji ana kokawa a ƙofa. Cindo ne rungume da akuyar Inna, ja mai ɗan haske kamar ruwan zuma.

"Yaya, ga shi. Ita ya gani tun daga nesa."

Kafin Nafi'u ya buɗe baki akuya ta cafke wayar caja ta raba ta biyu. Ba wannan ne ya ƙona masa rai ba. Maiƙon da ya gani a gemun Cindo ne, don ashe Malam ya ji daɗin yawon har ya saya masa tsire suka ci tare a gindin rimi. Shi Nafi'u tun da aka haife shi bai taɓa sa hannu a takarda ɗaya da ubansa ba. Abin haushin kuma, da ya gwada launin akuyar a kan baƙin bangon, sai rubutun ya fito raɗau, ba ƙyalli ba dishi-dishi.

Wata rana aiki ya kusa kammala, sai gwaji. Nafi'u ya ce, "Zauna nan ka zuba masa ido, kada ka ɗauke. So nake in san ko yana sa hawaye." Ya fita cin abinci. Cindo ya zuba ido, ko ƙiftawa ba ya yi, don an ce kada ya ɗauke. Ƙuda ya sauka a hancinsa bai motsa ba. Can hawaye suka ɓalle shaɓe-shaɓe har wuyan riga. Malam ya leƙo ya tarar da ƙato yana kuka gaban kwamfuta.

"Lafiya, Cindo?"

"Saboda idonka ne, Baba."

Jikin tsoho ya yi sanyi. Ya dafa kansa, ya yi ta sa masa albarka, har da ta 'ya'yan da bai haifa ba tukuna. Nafi'u yana tsaye a soro da kwano a hannu, ya ji duka. Tuwon nan bai ciwu ba, sai kaji ne suka amfana.

Wata rana dai aiki ya ƙare, ya yi kyau ƙwarai. Malam ya shigo da hantsi ya zauna yana karatu, shafi bayan shafi, ido a bushe. Nafi'u ya laɓe a bakin ƙofa ta bayansa, zuciyarsa na tafasa, don ya riga ya san inda yabon zai tafi. Ya fizgo Cindo ya raɗa masa cikin gatse, "Tunda kai ne ɗan gaban goshi, je ka ce kai ka yi. Ni ko idona na ƙwaƙule na ba shi ba zai sa min albarka ba. Kada kuma ya san ina nan."

Cindo ya je ya durƙusa.

"Baba, Yaya ya ce in ce ni na yi."

"Haka ya ce?"

"E. Ya ce ko idonsa ya ƙwaƙule ya ba ka ba za ka sa masa albarka ba. Kuma kada ka san yana bakin ƙofa."

Nafi'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam bai waiwayo ba, ai ba zai waiwayo ba. Allo kawai yake duba. Shi baƙin gilashi kuwa, ba kamar fari ba, yana nuna abin da ke bayan mutum. Nafi'u ya ɗaga kai sai ya ga fuskarsa a ciki, a bayan rubutun, ga kuma idon ubansa a kansa kyam, ba ya kaucewa. Bai taɓa sanin haka idon tsohon yake ba idan yana kallon mutum.

Sun daɗe a haka. Sannan Malam ya yi gyaran murya, ya fuskanci kwamfuta sosai kamar da ita yake magana.

"Allah ya yi maka albarka. Ya ba ka masu yi maka fiye da haka."

"Amin," in ji Cindo, don ya saba.

"Ba da kai nake ba."

Cindo ya rikice, ya dubi uban, ya dubi ƙofa. Sai ya tashi ya je ya kama hannun wansa.

"Yaya, ashe taka ce na amsa. Yi haƙuri, ban sani ba. Ka ce amin ɗinka."

Nafi'u ya sake ɗaga kai ya dubi allon. Malam kuwa bai juya shafi ba, yana nan zaune yana jira ya ji.